Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ranar da Na Ga Sarauniyar Dutse

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda muka baro Garwa muka sauka Buea, maigidana Malam ya kafa teburin tsire da kilishi a unguwar Molyko. Ban gama sabawa da hazon garin ba sai ga Fabrairun 1999, ko'ina maganar tseren dutse ake yi.

Ga wanda bai san Buea ba, a gindin Dutsen Kamaru garin yake, dutsen da tsayinsa ya haura mita 4,000. Tun 1973 ake wannan tsere, kuma kamfanin giya na Guinness ne ya soma shi, shi ya sa Malam ya yi ta jan ƙafa kafin ya bar ni in fita kallo. Daga filin wasa na Molyko ake tashi, a ratsa gari, a shiga kurmi, a ɓulla cikin ciyawa, sannan baƙaƙen duwatsu masu yanka tafin ƙafa har ƙololuwa, a juyo. Wajen kilomita 38 ke nan zuwa da dawowa. Ƙasa zafi, can sama sanyi mai sandarar da yatsu, numfashi kuma da ƙyar. Masu yi sun ce saukowa ta fi hawa haɗari, nan ne ake gurɗewa, nan ne ake faɗuwa.

Shekara goma maza zalla ke yi, sai a 1983 mata suka shiga. Maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Bakweri da nake kira Mama, ita ta riƙe hannuna muka tsaya bakin titi. Ta ce mini, "'Yata, mu da muke sauko da gwaza da ayaba a ka daga gonakin dutsen nan kullum, wa zai ce ba za mu iya hawansa ba?"

Maza sun riga sun wuce, rana ta take, sai muka ji guɗa tun daga saman gari tana gangarowa. Sarah Etonge ce, wadda ake kira Sarauniyar Dutse. Mace ce ƙarama, ba jiki, ƙura har gashin ido. Awa biyar da ɗoriya tana kan ƙafa, kuma wannan ne karo na huɗu a jere da ta zo ta ɗaya a cikin mata tun 1996. Daga baya ta ƙara a 2001 da 2003 da 2005, bakwai cif, har garin ya kafa mata mutum-mutumi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da Mama ta ce uwar 'ya'ya bakwai ce, kuma ita ke ɗawainiyarsu.

Ni a lokacin goyo ɗaya gare ni, kuma an tashe ni a kan cewa mace in ta haihu ƙarfinta ya tafi, sai lallaɓawa. Wallahi tun ranar na daina yarda da wannan magana. Shigarta ba irin tamu ba ce, na sani, kuma ban taɓa sha'awar fita a haka ba. Amma ƙarfin da Allah Ya sa a jikinta, irinsa Ya sa a namu, mu ne aka hana mu saninsa.

Da dare na ce, "Malam, ka bar ni in riƙa bin Mama gona da safe, ko ƙafata ta miƙe."

Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "In da mayafinki, kuma ki dawo kafin azahar."

Ana haka, ƙarshen Maris ƙasa ta fara rawa, kwanuka na zubowa daga kanta, dutsen ya fara aman wuta ta ɓangaren ƙauyen Bakingili. Yadda muka kwana waje da jariri a hannu, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.