Mafarkin ambaliya da ke dawowa duk damina

Daga Argungu zuwa Bagudo har Yawuri, akwai waɗanda suka ga ambaliyar 2020 ta shanye shinkafar fadama, kuma har yau ruwan bai bar su a barci ba. Mafarkin kusan iri ɗaya ne: ruwa na kwararowa ta ƙarƙashin ƙofa, mutum na son gudu ƙafa ta ƙi ɗaguwa, yana son kiran yara murya ta maƙale. Ya fi yin tsanani a Agusta da Satumba, sa'ad da gulbi ya cika kuma ruwan sama ke dukan kwano cikin dare.

Irin wannan mafarki ba ya nufin wata masifa na tafe. Tsoro ne da zuciya ba ta gama da shi ba. Yawanci yana zuwa ne gab da asuba, domin barcin da ake mafarki a cikinsa ya fi tsawo a ƙarshen dare, kuma a lokacin jijiyoyin motsi a sake suke. Idan mutum ya farka kafin jikin ya dawo daidai, shi ne dannau. Shayi mai kauri ko goro bayan isha'i, tramadol, da kallon bidiyon ambaliya a waya kafin kwanciya, duk suna ƙara rura shi.

In ka farka a firgice, sunna ta riga ta koyar: tofi sau uku ta hagu, neman tsari daga Shaiɗan, a juya kwanciya, kada a yi ta baza labarin. Sauran aikin da rana ake yin sa. Ka zauna inda babu hayaniya, ka ɗauko mafarkin, ka sauya masa ƙarshe da kanka: ruwa ya shigo, ka saɓa yaro a kafaɗa, kun hau tudu, gari ya waye kowa na nan. Ka riƙa maimaita sabon a zuci minti 10 zuwa 20 kullum, na wasu makonni. Likitocin ƙwaƙwalwa na amfani da wannan dabara. Inda ake kuskure shi ne a yi ta juya tsohon mafarkin da duk ban tsoronsa, ko a yi aikin a kan gado da dare. Wannan ƙara kafa shi yake yi. Idan abin ya wuce wata guda yana hana barci da aiki, a ga likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato an gina shi ne don irin wannan, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Abin da na fi so a riƙe shi ne: natsuwa ranar tashin hankali ba hali ba ce da ake haifar wasu da ita. Wanda ya san abin da hannunsa zai fara yi shi ke natsuwa. Tun kafin damina ta yi nisa, maigida ya tara iyali a tsayar da tudun da za a haɗu, a raba wa kowane babba yaro ko tsohon da zai riƙe, a kuma taka hanyar da ƙafa ko sau ɗaya da dare. Takardun gona, katin shaida, magunguna, tocila da 'yan kuɗi su zauna cikin leda biyu a ɗaure, rataye kusa da ƙofa. A saurari sanarwar NiMet, hukumar hasashen yanayi, da NIHSA, hukumar lura da ruwan koguna, a rediyo, musamman in an ce za a saki ruwan madatsar Goronyo ko ta Bakolori.

Idan ruwan ya zo, ja numfashi kana ƙirga huɗu, ka fitar a hankali kana ƙirga shida, sau uku kawai. Fitarwa mai tsawo ce ke rage bugun zuciya. Sai ka yi magana a gajarce da sunan mutum: wane, ɗauki ƙaninka. Ihun "ku gudu" watsa yara yake yi. A kashe wuta daga babban makunni in hannu da ƙasa a bushe suke, a kwance wa dabbobi igiya, a fita daga ɗakin ƙasa da wuri, don katangar laka daga gindi take jiƙewa ta faɗi ba gargaɗi.

Kada a raina ruwa mai gudu. Wanda ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babba. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota. In dole a ratsa, a riƙe sanda ana taɓa ƙasa, saboda rijiya da masai ba sa ganuwa a ƙarƙashin ruwa. Kwale-kwale kuwa, in ya cika a jira sawu na gaba. Lambar gaggawa 112 ce, kuma ruwan rijiyar da ambaliya ta shiga sai an tafasa kafin a sha.