Shinkafar da ta kwana a kula

Jiya na mayar wa Hajiya makullin sito. Ta karɓa idonta na kan waya, ta ce Allah ya ba da sa'a, na ce amin, na ɗauki jakata da wuƙata guda ɗaya da na saya da kuɗina na fito. Shekara biyu da wata bakwai ke nan na yi a kicin ɗinta. Duk wadda ta taɓa aiki a irin waɗannan kicin-kicin na cikin gida da ke karɓar oda ta WhatsApp da Instagram, a Nasarawa ne ko ta wajen Zoo Road, ba sai na faɗa mata yadda safiyar Asabar take ba, don haka ba zan ɓata lokaci a kan yankan albasa da wankin tukwane ba. Abu ɗaya nake so in rubuta tun yana da zafi a raina, sauran kuma in taɓa su sama-sama.

Mu abin da aka san mu da shi soyayyar shinkafa ce irin ta China, da taliya soyayya da kayan lambu, da samosa da sifirin rol, sai ɗan kayan zaƙi a ƙananan kofuna. Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne da muke kira Baba, ya shafe shekaru yana kuku a gidajen Indiyawa da Kwarori a Bompai kafin ƙarfinsa ya fara raguwa. Darasin farko da ya ba ni a kan shinkafa shi ne, ba a soya ta da zafinta. Wadda aka sauke yanzu tana ɗauke da tururi, in ta shiga kasko sai ta caɓe ta koma kamar za a tuƙa tuwo. Sai ta huce, ta sha iska, ƙwayoyin sun bushe sun rabu, shi ya sa ake dafa ta tun dare a sa a firji. Wannan gaskiya ne, har gobe ina kai. Rabin maganar da ban riƙe da kyau ba shi ne na firjin.

Bayan ƙaramar Sallah ta 2024 ne, cikin Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40 da rana, da dare ma bango yana huci. Bukukuwa sun yi yawa kamar kullum bayan azumi. Muka samu odar roba 150 na yinin biki a ranar Asabar, za a kai da azahar. Baba ya tafi garinsu bai dawo ba, don haka aikin ya faɗo kaina ni da wasu yara biyu. Ranar Juma'a da magariba na dafa basmati buhu huɗu 'yan kilo biyar-biyar. An ɗauke wuta tun la'asar, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 Hajiya ta kafa doka, inji ba ya wuce ƙarfe goma na dare. Na shiga falo na same ta.

Na ce, "Hajiya, wuta fa ba ta dawo ba, firjin ya huce. Ya za mu yi da shinkafar?"

Ta ce, "To ya kike so in yi? In bar inji har asuba saboda shinkafa? Kin san nawa ake sayar da lita? Kajin dai ki danna su a firiza, akwai sauran ƙanƙara. Ita kuwa ki juye a kula ki rufe. Shinkafa ce fa, ba nama ba."

Na ce to. Wannan "to" ɗin shi ne kuskurena, kuma ba na ɗora wa kowa shi. Na juye shinkafa da ɗuminta a manyan kuloli biyu, na danne murfi, na tafi gida. Da safe da na buɗe, sai da ɗumi ya bugi fuskata. Na sansana, ba tsami. Na murza tsakanin yatsu, ba yauƙi. Na ɗanɗana ƙwaya biyu-uku, lafiya ƙalau. Na baza ta a faranti ta sha iska, na soya ta kashi-kashi a wuta mai ƙarfi har tana tsalle a kasko, da ƙwai da karas da koren wake da albasa mai lawashi. Wallahi ta yi kyau. Har hoto Hajiya ta ɗauka ta sa a shafinta kafin mai adaidaita ya kwashi kayan.

Ba a yi sallar la'asar ba waya ta fara ƙara. Amai ne, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Yawanci yara da tsofaffi, har da kakar amarya. Wata yarinya 'yar shekara shida sai da aka kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Allah ya taƙaita, washegari kowa ya miƙe, amma ni daren nan ban runtsa ba, ina ta lissafin me na zuba, me na manta, ko ƙwan ne, ko kajin ne.

Yayata da ke aikin jinya ita ta warware mini. Ta tambaye ni awa nawa tsakanin cin abincin da fara aman, na ce bai fi biyu zuwa uku ba. Ta ce ba kaji ba ne, shinkafa ce. Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Bacillus cereus, tana cikin ƙasa, tana zuwa tare da ɗanyar shinkafa, kuma irinta yana jure tafasa. In an sauke shinkafa aka bar ta da ɗumi-ɗumi na awoyi, sai ya farka ya hayayyafa ya saki guba. Ita wannan gubar zafin wuta ba ya kashe ta, ko an sake soyawa ko an turara, ba ta kuma sauya wari ko ɗanɗano. Wato kular da na rufe, wadda aikinta shi ne ta riƙe ɗumi, ita ce ɗakin da na gyara wa cutar ta kwana. Da a buɗe na bar shinkafar a faranti ma da abin bai kai haka ba. Mu da muka taso muna cin ɗumamen tuwo, hanci muka saba tambaya, in bai ce komai ba sai mu ci. A wannan karon hancin bai san komai ba.

Abin da ya fi aman ci mini rai shi ne wayar da Hajiya ta yi da uwar amarya, ina tsaye a bakin ƙofa tana kallona. "Wallahi Hajiya yarinyar da ke mini aiki ce, sabuwa ce, ba ta gama sanin kan aikin ba. Na bar mata komai na shiga ciki, ashe abin da ta yi ke nan." Sabuwa, bayan shekara ɗaya da rabi ina buɗe mata kicin tun ƙarfe shida. Ba ta ambaci inji ba, ba ta ambaci kula ba. Ta mayar musu da rabin kuɗinsu, sannan ta riƙa cire shi daga albashina har wata huɗu. Da na buɗe baki zan yi magana sai ta ce, "Ke ce a kicin ko ni?" Na yi shiru, don ta wani gefen tana da gaskiya. Ni ce a kicin. Masu sayar da ƙanƙara suna nan bakin titi har dare, da na sayo bulo biyu da kuɗin motata na jera farantai a kai. Da na kira Baba a waya. Da ma na ce a'a kawai, ba zan dafa yau ba sai da asuba. Duk ban yi ba, saboda mai gida ta yi magana, kuma an koya mana ba a ja-in-ja da babba.

Da Baba ya dawo ya ji labari, bai yi faɗa ba. Ya ce, "'Yata, wa ya ce miki dole sai ta kwana?" Ya dafa kwano ɗaya a gabana da ruwa ƙasa da yadda muka saba, ya sauke ta da ɗan sauran ƙarfinta, ya baza ta siriri a babban faranti, kaurinta bai wuce gaɓar yatsa ba, ya kunna mata fanka. Kafin mu gama yanka kayan lambu ta huce ta warware. Ya soya, ba ka bambanta ta da wadda ta kwana a firji. Shekara ɗaya da rabi muna tare bai taɓa nuna mini wannan ba, don firji bai taɓa ba mu kunya a gabansa ba. Tun daga ranar ƙa'idata ɗaya ce: in za ta jira, ta huce cikin awa guda ta shiga sanyi na gaske, kada ta wuce kwana ɗaya, kuma sau ɗaya ake ɗumama ta. In babu tabbacin wuta, a tashi da asuba. Hajiya ta ga ina yin haka, ba ta taɓa tambayata dalili ba, ni ma ban taɓa faɗa mata ba.

Mutane suna tambayata me ya sa na ƙara shekara guda bayan wannan. Akwai abin da ban gama kwasa a hannun Baba ba, kuma ban ga dalilin da zan bar mata shi in tafi da bashi kaɗai ba.

A wajensa na koyi karanta bayan kwalba kafin in saya. Girke-girken da ake gani a intanet da yawa suna cewa a zuba mirin na Japan ko Shaoxing na China, kuma duka biyun giyar shinkafa ce, wadda ba ta sani ba sai ta ɗauka wani irin miya ne. Haka jelatin da ake daskarar da kayan zaƙi da shi, daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, sau da yawa na alade, in dai ba an rubuta halal ko na saniya ba. Mu agar-agar muke amfani da shi, wanda ake samu daga ciyawar teku. Sai an tafasa shi yake narkewa, amma in ya kama ya kama, ba ya jiran firji, kuma ba ya zubewa a zafin Kano yadda jelatin ke yi tun kafin mai adaidaita ya kai Ƙofar Nasarawa. Ƙaramin cokali ɗaya na garinsa ya ishi kofin ruwa ko madara, a sa sukari, a jera yankakken mangwaro a kai, shi ke nan an gama. Na sha sayar da wannan ga matan da suka ɗauka wani babban sirri ne.

Ruwan soya, wato baƙin ruwan ɗanɗanon nan na kwalba da ake yi da waken soya (soy sauce), gishiri ne da kansa, in kin zuba shi ki janye hannu daga magi. Kasko ba a cika shi, gara a soya sau biyar kaɗan-kaɗan da a tula sau ɗaya abin ya koma dahuwa. In gas ɗinki ba shi da ƙarfi, kurfoti da gawayi ya fi shi ba da wutar da ake so. Tofu da ake ta yi wa kwarjini awara ce, wadda ake soyawa a kowane lungu, a saye ta ɗanya a matse ruwan. Gulab jamun na Indiyawa, wato ƙananan dunƙulen zaƙi da ake soyawa a jiƙa a ruwan sukari, da madarar gari ake yin sa, kuma wuta kaɗan yake so, in mai ya yi zafi waje zai ƙone ciki yana ɗanye. Kheer kuwa, wato shinkafa da madara mai zaƙi ta Indiyawa, duk wadda ta iya kunun shinkafa ta riga ta iya rabinsa, haƙurin juyawa ne kawai har madarar ta yi kauri. Kayan lambu a je 'Yankaba da sassafe, kayan kwalba a Sabon Gari, a kuma duba ranar lalacewa da ido, kada a bar wa mai shago.

Ga masu shirin shiga irin wannan aiki, in uwar ɗakinki ta ba ki umarnin da ya shafi abin da mutane za su ci, ki sa ta rubuta miki a WhatsApp. Ba rashin kunya ba ne. Ki ce, "Hajiya, don kada in manta, ɗan turo mini." Ba na cewa duk haka suke, na san akwai na kirki. Ni dai ban yi dace ba, ko kuma na yi dace da Baba ne aka haɗa mini da ita.

Yanzu a gida zan riƙa yi, a kicin ɗin Mama, oda ba ta wuce roba talatin, abin da zan iya dafawa da asuba in kai da hantsi. Mutum uku daga cikin masu sayen Hajiya sun riga sun nemi lambata, ban roƙi kowa ba. Ɗaya daga cikinsu ƙanwar uwar amaryar nan ce, ban san me aka faɗa mata ba, ban kuma tambaya ba.

Ɗazu da yamma yarinyar da aka ɗauka a madadina ta turo mini saƙo, wai Anti don Allah ruwa kofi nawa kike sa wa basmati, akwai odar Asabar kuma Hajiya ta ce a dafa tun daren Juma'a. Na faɗa mata ruwan. Na kuma yi mata dogon saƙon murya a kan kula da faranti da fanka, na ce in wuta ba ta tsaya ba ta kira ni ko ƙarfe nawa ne. Na ga alamar ta saurara, ba ta dai amsa ba tukuna.