Katin girafik: yawan GB ba shi ne gudu ba

A shagunan kwamfuta na Banex da ke Wuse 2, tambayar da ta fi yawa idan ana cinikin katin girafik, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana hotunan wasa a allo, ita ce "GB nawa ne?" Da zarar an ce takwas, sai mai saye ya saki jiki. Alhali RX 580 na shekarar 2017 GB 8 gare shi, RTX 4060 na 2023 shi ma GB 8, amma ƙarfinsu ko kusa bai zo ɗaya ba. GB ɗin nan rumbun ajiya ne kawai, inda katin ke jibge hotunan ƙasa da bango da fuskokin 'yan wasa kafin ya zana su. Mai yin zanen shi ne ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar katin, wato GPU. Idan ita raguwa ce, ko GB 16 aka liƙa mata ba abin da zai canza.

Abin da ake aunawa shi ne FPS, yawan hotunan da kati ke fitarwa a daƙiƙa ɗaya. FPS 60 na nufin kowane hoto yana ɗaukar kimanin milisakan 16.7. Sai dai matsakaicin FPS yana yaudara. Kati zai iya nuna maka 80 amma yana 'yar tsayawa duk lokacin da ka juya kyamara ko bam ya tashi, kuma wannan 'yar tsayawar ce ke sa a harbe ka a wasan harbi na Warzone. Shi ya sa masu gwaji ke kawo lamba ta biyu, wadda ke nuna gudun katin a kashi ɗaya cikin ɗari na lokacin da ya fi shan wahala. Katin da ke ba da 70, ƙasansa 55, ya fi daɗin wasa a kan mai ba da 85 da ke faɗowa 30. Sannan a kwatanta su a wasa ɗaya, saiti ɗaya, girman hoto ɗaya. Allon 1440p yana da ɗigon hoto miliyan 3.7, na 1080p miliyan 2.1, shi kuwa 4K ninkin 1080p ne sau huɗu. Wanda allonsa 1080p ne mai 60Hz, wato mai nuna hoto 60 a daƙiƙa, ko talabijin ɗin falo ya jona, duk FPS ɗin da ya haura 60 ba zai gan shi da idonsa ba. Kuɗin da zai ƙara a kan kati gara ya sa shi a allo.

Yawancin masu wasa a nan 1080p suke, kuma wasannin ba su wuce EA FC, eFootball, GTA V, Fortnite da Call of Duty ba. A wannan matakin katuna uku ne ya kamata a auna da juna: RX 6600, RTX 3060 da RTX 4060.

RX 6600 na AMD ya fito a 2021, GB 8, yana cin wat 132. RTX 3060 na Nvidia shi ma 2021 ne, GB 12, wat 170, kuma a gudu ɗan kaɗan ya fi 6600. RTX 4060 ya fi su biyun gudu, yana gaban 3060 da abin da bai kai kashi ɗaya bisa biyar ba a yawancin wasanni, ga shi wat 115 kacal yake ci. A ganina, wanda wasa kawai yake yi kuma aljihu ya matse, RX 6600 ne nasa. Wanda ke haɗa wasa da gyaran bidiyo ko aikin Blender, manhajar zanen 3D, 3060 mai GB 12 ya fi masa, domin manhajojin aiki da yawa sun fi jituwa da Nvidia, ga wadatar rumbu. Wanda kuma ke kan inbata, 4060, saboda ƙarancin wutar da yake ci.

Ban sa RTX 3050 a jerin ba da gangan. Sunan RTX ne ke sayar da shi. RX 6600 ya fi shi gudu da tazara mai kyau, kuma sau da yawa kuɗinsu ba ya nisa da juna.

Sunaye ma kansu tarko ne, kuma nan ne aka fi kwantar da mutane. RTX 3060 iri biyu ne: na asali mai GB 12 da hanyar bayanai mai faɗin bit 192, da wanda aka fitar daga baya mai GB 8 da bit 128, wanda ya fi shi rauni duk da suna ɗaya suke amsawa. GTX 1060 mai GB 3 ba rumbu kaɗai aka rage masa ba, ƙwayoyin aikinsa, wato ƙananan injinan lissafi da ke cikin GPU, 1152 ne maimakon 1280 na mai GB 6. RTX 3050 akwai mai GB 8 da wat 130, akwai mai GB 6 da wat 70 da ya fito a 2024. Mafi yawa a kasuwa kuwa shi ne RX 580 mai lakabin 2048SP, wanda aka yi wa kasuwar Sin. RX 580 na gaske ƙwayoyi 2304 gare shi. Mai 2048 ɗin RX 570 ne aka sauya wa riga. Haka nan 4060 na laftof ba a haɗa shi da na tebur, domin kamfani na iya ɗaure shi a wat 35 ko ya sake shi har 115, kuma laftof biyu masu sitika iri ɗaya sai ka ga gudunsu ya sha bamban.

To yaushe GB ke da muhimmanci? Lokacin da ya kasa. Idan wasa na neman GB 9 kai kuma 8 gare ka, ragowar sai a tura shi RAM ɗin kwamfuta, wanda ya fi jinkiri nesa ba kusa ba. Alamarsa hoto ya riƙa tsinkewa, ko ka ga bango da ciyawa sun dushe na ɗan lokaci kafin su washe. Maganin gaggawa shi ne rage ingancin fatar hotuna da mataki ɗaya a saiti, ba rage komai da komai ba. GB 4 dai ya tsufa ga sababbin wasanni. GB 8 yana ɗauka a 1080p. Mai niyyar 1440p ya nemi 12 zuwa sama, irin su RX 6700 XT, ko Arc B580 na Intel da ya fito a Disamba 2024 da GB 12 kan dala 249, ko RX 9060 XT mai GB 16 na 2025. Amma katin Intel yana da sharaɗi: sai bod da farosesa sun iya abin da ake kira Resizable BAR an kuma kunna shi a BIOS, wato saitin bod ɗin, in ba haka ba gudunsa zubewa yake. A tsohuwar kwamfuta kada ma a fara.

Batun wuta shi ne abin da masu gwaji na Turai da Amurka ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa dole. Tsakanin RX 580 mai wat 185 da RTX 4060 akwai wat 70. Ga mai wasan awa huɗu kullum, yunit 8.4 ke nan a wata, bai kai naira dubu biyu ba ko a Band A, rukunin da ya fi tsadar wuta, da yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024. Ba wani abu ba ne. Amma mai shagon gem da ke da kwamfuta goma suna aiki awa goma a rana, wannan wat 70 ɗin ya zama yunit 210, sama da naira dubu arba'in duk wata, ban da man janareta. A kan inbata kuwa lissafin na minti ne: nawa batir zai ɗauka kafin ya fara kuka.

Sai akwatin wutar kwamfutar, PSU. RX 6600, RTX 3060 da RTX 4060 duk PSU mai kyau na wat 550 ya ishe su, mai igiyar fil takwas tasa ta kansa. Kalmar "mai kyau" ita ce maganar. Akwai marasa suna da aka rubuta wa 650W a jiki, ka ɗaga ka ji sakayau, kuma ba sa iya ba da rabin hakan a layin bolt 12 da kati ke sha. Alamarsu kwamfuta ta mutu ɗif ana tsakiyar wasa sannan ta tashi da kanta. A guji igiyar da ke juya wutar SATA zuwa fil takwas; ba a yi ta don wannan nauyin ba, narkewa take yi. Masu sayen tsofaffin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk sirara su sani cewa PSU ɗinsu galibi tsakanin wat 180 ne da 240, kuma ba shi da igiyar kati. Abin da zai shiga ciki sai gajeren kati mai shan wuta daga ramin bod kawai, wanda iyakarsa wat 75: GTX 1650, ko a nan ne 3050 mai GB 6 ke da rana. RX 6500 XT kuwa layin bayanai huɗu kacal na ramin bod yake amfani da su, a tsohon bod mai ramin PCIe 3.0 sai ya shaƙe.

Yawancin katunan kasuwa na hannu ne, kuma da yawansu sun yi aikin haƙar kirifto dare da rana kafin kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da katunan girafik a Satumbar 2022. Wannan bai sa sun zama shara ba, amma fanka da man sanyaya ƙwaƙwalwa sun sha jiki. Kada a biya sai an jona. A buɗe manhajar GPU-Z, mai nuna bayanan kati, a duba adadin ƙwayoyi, faɗin bit da nau'in rumbu, a gwada da abin da kamfanin ya wallafa. Katin bogi da aka sauya wa suna a nan yake tonuwa. A saki FurMark, manhajar da ke ɗora wa kati aiki mai nauyi, na minti goma sha biyar zuwa ashirin ana kallon zafi a manhajar HWiNFO. Katin Nvidia yana fara rage gudu da kansa wajen digiri 83. Idan tazarar da ke tsakanin zafin GPU da wurin da ya fi zafi a jikinsa ta haura digiri 20 sosai, man ya bushe, sai an sake shi. Ɗigo-ɗigon kore ko ja a allo, ko layuka masu walƙiya, rumbu ne ya fara mutuwa, a ajiye shi ko da rabin kuɗi ne. A gwada kowace kafa ta HDMI da DisplayPort, a taɓa fanka da yatsa a ji ko tana girgiɗi, a dubi bayan katin ko akwai wurin da ya yi ruwan ƙasa, alamar an gasa shi da iska mai zafi don ya farfaɗo na 'yan makonni. Bayan FurMark a buga wasa na gaske, domin akwai katin da ke wuce gwaji ya faɗi a wasa. A nemi garanti a rubuce a kan rasit, da lambar jikin katin.

Alkaluman zafin da ake gani a bidiyon gwaji an ɗauke su ne a ɗaki mai sanyi, wajen digiri 21 zuwa 23. A Abuja cikin Maris da Afrilu, ɗakin da ba AC yana haura 33, kuma kusan duk digirin da ɗaki ya ƙara sai kati ya ƙara shi. 'Yan Jos sun huta da rabin wannan. Ƙurar hunturu kuma tana toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya, don haka a riƙa hure shi da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Rage iyakar wutar kati zuwa kashi 80 ko 85 a manhajar MSI Afterburner yana sauke zafi sosai, FPS ɗin da ake rasawa kuma kaɗan ne.

RX 580 da GTX 1060 har yanzu suna buga GTA V da eFootball lafiya lau, kuma wanda abin da yake bugawa ke nan ba sai ya canza ba. Sai dai sababbin wasanni irin Doom: The Dark Ages na 2025 ba sa tashi sam sai a katin da ke da kayan lissafin haske a jikinsa, wato daga RTX 20 ko RX 6000 zuwa sama. Kuma duk wanda zai sauya daga Nvidia zuwa AMD ko akasin haka, ya fara goge tsohon direba, wato manhajar da ke tafiyar da kati, da manhajar DDU kafin ya sa sabon katin.