Zabibin tsaraba ya kashe mana Duna

Duna shi ne karen da ke gadin garken awakinmu a ƙauyenmu, can gefen Ringim. Shekara shida yana kwana a bakin turke, ko akuya ɗaya ɓarawo bai taɓa ɗauka ba.

Da Baffa ya dawo daga aikin Hajji, ya rabo mana tsarabar dabino da zabibi, wato busasshen inabi. Ƙanena ƙarami ya zauna a gindin darbejiya yana jefa wa Duna, shi kuwa yana cafewa. Ina kallo, ban hana ba. Wannan ne yake cina har yau.

Da daddare Duna ya fara amai, ga fatun zabibin nan a ciki. Washegari ya ƙi tuwo, sai shan ruwa kamar ba gobe. A kwana na uku fitsari ya ɗauke gaba ɗaya. Na ɗora shi a babur zuwa wurin likitan dabbobi, ya duba ya ce, "Malam, ƙoda ta riga ta tsaya." Da mun kawo shi cikin sa'o'in farko, da an sa shi amai an yi masa ƙarin ruwa.

Inabi ɗanye ko busasshe guba ne ga kare, kuma zabibi ya fi haɗari tunda ya bushe ya tattaru. Masana na zargin wani sinadari mai tsami da ke cikinsa, wanda tsamiya ma tana da shi. Tun ranar na hana Inna zuba ragowar kunun tsamiya a kaskon sabon kwikwiyonmu.