Saƙon godiya bayan jinyar 'yarmu

Assalamu alaikum. A madadin iyalina ina miƙa godiya ga 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki na nan Maraɗi, waɗanda suka tsaya mana lokacin da ciwon fata ya tsananta wa babbar 'yarmu a hunturun da ya wuce. Alhamdulillahi, ƙaiƙayin ya lafa, ta kuma koma makaranta.

Godiya ta musamman ga likitar fata da ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta shaida mana cewa sunan ciwon soriyasis, kuma ba kuturta ba ce, ba ƙazuwa ba, ba makero ba, balle sammu kamar yadda wasu suka zata. Garkuwar jiki ce take ingiza fata ta riƙa sabuntuwa cikin 'yan kwanaki maimakon kusan wata guda, shi ya sa take taruwa ta yi kauri da ɓawo fari-fari a gwiwar hannu da ta ƙafa da fatar kai. Bushewar hunturu da damuwa da ciwon maƙogwaro suna iya tayar da shi, haka ma wasu magunguna irin su kulorokin. Ba ya warkewa gaba ɗaya, amma yana kwanciya idan aka dage da maganin shafawa da kuma shafa man kaɗe ko basilin bayan wanka. Ta kuma gargaɗe mu a kan mayukan kasuwa masu ƙarfi, domin da zarar an daina su ciwon yakan dawo fiye da dā.

Ina gode wa malamarta da ta tsaya gaban aji ta faɗa wa yara cewa ba a ɗaukar wannan ciwo ta musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya. Haka nan mai kitson unguwarmu, wadda ta karɓi kan yarinyar da hannu biyu a lokacin da wasu suke janye 'ya'yansu daga kusa da ita. A ganina abin da ta yi ya taimaki zuciyar yarinyar ƙwarai, domin ƙyamar mutane ta fi ciwon sa ta kuka.

Likita ta ce mu sa ido a kan kumburin gaɓoɓi, tunda ciwon yakan taɓa su a wasu mutane, saboda haka za mu ci gaba da kai ta dubawa. Muna roƙon ku ci gaba da sa ta a addu'a. Allah Ya saka muku da alheri.