Rogo: Ciniki Kafin Tuga

Aikin ɗan kamfaninmu shi ne tara ɗanyen rogo daga hannun ƙananan manoma a yankin Lafiya da Doma na jihar Nasarawa, mu haɗa su da masu saye da yawa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, wajen tan miliyan 60 a shekara, amma mai kadada ɗaya ko biyu shi ne ya fi kowa rashin baki a wurin yanke farashi.

Dalilin yana jikin rogon. Masara kana iya zuba ta a rumbu ka jira watan tsada. Rogo kuwa da zarar an tuge shi, cikin kwana biyu zuwa uku zai fara yin baƙin zane a ciki, ɗanɗanonsa ya canja, sitacinsa ya lalace. Dillali ya san da haka. Manomin da ya tuge gonarsa ya tsibe a bakin hanya sannan ya fara neman mai saye, ya riga ya faɗi. Kowace awa tana rage masa kuɗi, da la'asar sai ya ce a ba shi abin da ya sawwaƙa. Rumbun rogo ƙasa ce. Yana iya zama a cikinta wasu watanni bayan ya nuna. Don haka dokarmu ta farko: ba a sa fartanya sai an san mai saye, da farashi, da ranar da mota za ta zo.

Masu sayen ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da kowa yake dubawa daban. Matan da ke tuya garin kwaki su ne kasuwar kullum: suna biya nan take, ba sa nisa, sai dai ba sa ɗaukar kaya da yawa a lokaci guda. Masu alabo suna son rani. Masu garin rogo fari da ake gaurayawa da fulawa suna buƙatar a sarrafa shi cikin awa 24 da tugewa, ba a bari ya yi tsami. Sai masana'antun sitaci da na sinadarin etanol, waɗanda galibin manyansu suna jihohin Oyo da Ogun da Ondo. Su tirela suke so, tan 30, kuma suna biya ne gwargwadon sitacin da ke cikin kayan.

Ga yadda suke awon. A ɗebi kilo 5 na rogo daga wurare daban-daban a cikin motar, a wanke, a auna, sannan a sake auna shi yana nitse cikin ruwa. Wanda ya fi nauyi a cikin ruwa shi ya fi sitaci. Wannan awo ba shi da wuya, sikeli ne da kwando da duro, shi ya sa muke yin namu a gona kafin loda. In ba ka san abin da ka ɗauko ba, duk lambar da aka faɗa maka a ƙofar masana'anta ita za ka karɓa, don ba wanda zai juya da tirela.

Sitaci yana bin iri da lokaci. Irin TME 419, wanda aka yaɗa ta hannun cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike, masana'antu suna sonsa, kuma yana miƙewa sambal, ya fi sauƙin noma da ɗaurin kara. Rogo yana kai ganiyarsa wajen wata 10 zuwa 12. In ya daɗe sosai sai ya yi jijiya ya zama kamar itace. Haka nan farkon damina: da ruwa ya sauka, shukar tana janyo abincin da ta tara a saiwa ta fitar da sabon ganye, rogon ya sha ruwa, nauyi ya ƙaru, sitaci ya ragu. Manomi yana murnar ƙasa ta yi taushi, tuga ta yi sauƙi, alhali kowa ma yana tugewa, kasuwa ta cika. A tsakiyar rani ne farashi ya fi kyau, amma ƙasa ta yi tauri, kuɗin lebura ya hau, rogo yana karyewa a rami. Gonar da ke da rairayi ita ake ajiyewa don wannan lokacin.

Tara kaya lissafi ne tun daga shuka. Muna rubuta sunan kowane manomi, faɗin gonarsa, irin da ya shuka da watan da ya shuka. Kadada ɗaya mai tazarar mita ɗaya-ɗaya tana ɗaukar shuka 10,000, wato kusan dami 50 zuwa 60 na kara mai sanda 50, a yanyanka santimita 20 zuwa 25. Gonar ƙaramin manomi ba ta cika kai tan 10 a kadada ba, kodayake da iri mai kyau da noma a wata ukun farko tana iya ninka haka. Ke nan tirela ɗaya gonaki uku ne ko huɗu, kuma dole a tuge su rana ɗaya. Sai a zaɓi masu maƙwabtaka, a fara da asuba, a-kori-kura tana kwasowa zuwa inda babbar mota ke iya tsayawa, a gama lodi kafin magariba, a yi tafiyar dare.

A nan ake samun yawancin asara. Lebura mai gaggawa yana sare rogo da adda ko ya fizge shi ya karye, kuma ta raunin nan ruɓa ke shiga. A yanke shi da ɗan guntun wuya a jiki, kada a jefa shi a mota, kada a lulluɓe shi da leda a rana. Ƙasa da kututture da ake cusawa don ƙarin nauyi wayo ne na banza. Za a zabge su a masana'anta, sau da yawa fiye da nauyinsu. Sannan mota tana lalacewa, ko a iske masana'anta ta tsayar da karɓa saboda injinta ya tsaya. Shi ya sa ba ma loda tirela sai muna da lambar wayar masu tuya gari a kan hanyar, waɗanda za su karɓa ko da a rage.

Awo kuma da sikeli. Cinikin "mota ɗaya" ko "tsibi ɗaya" cuta ce a fili, domin mai saye ne ke kawo motar, ya ƙara mata katako ta ɗauki ɗaya da rabi. Sayar da gona a tsaye ma haka: mai saye ya fi mai gona iya ƙiyasin abin da ke ƙasa. Wanda dole ta sa zai sayar a tsaye, ya tuge shuka goma daga kusurwoyi da tsakiya, ya auna, ya raba goma, ya ninka da yawan shukar da ta rayu. Mu muna aunawa a gaban mai kaya, a ba shi takarda, a faɗa masa farashin ƙofar masana'anta, kuɗin mota, na lodi, harajin hanya, da la'adarmu. A biya shi kaso mafi yawa ranar, cikon in an sauke. Jinkirin biya shi ke sa manomi ya saɓa alkawari ya sayar wa wani, kuma gaskiya ba a ganin laifinsa sosai.

Ba kowane rogo ya cancanci doguwar tafiya ba. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa ruwa ne. A tirelar tan 30, wajen tan 20 ruwa kake biya wa kuɗin man dizal. Ƙauyen da ke da nisa ko mummunar hanya, gara a sarrafa a wurin. Kilo 4 zuwa 5 na ɗanye ke ba da kilo ɗaya na garin kwaki: a fere, a wanke, a gurza, a matse a buhu kwana biyu ko uku, a tankaɗe, a toya. Busasshe kuwa, na alabo, wajen kilo 3 na ɗanye ke ba da ɗaya. Mai ɗaci sai an jiƙa shi kwana uku gubarsa ta fita kafin shanya. A shanya a kan siminti ko tamfol lokacin hunturu, ba a gefen kwalta ba, don yashi ke karya darajar alabo a kasuwar Dawanau ta Kano. Ya bushe har ya karye ƙas a hannu kafin a sa buhu, a ɗora kan katako, kuma kada a wuce 'yan watanni, ƙwaro yana mayar da shi gari. Ɓawon ma kuɗi ne, in ya bushe masu awaki da shanu suna saye.

Abin da ya fi ƙarfin kowane mai tara kaya shi ne juyin shekara. Rogo ya yi tsada a 2024, kowa ya faɗaɗa gona, a 2025 farashi ya faɗi warwas. Abin da muke shawartar manoma shi ne su raba shuka biyu, ta farkon damina da ta ƙarshenta, su kuma rubuta yarjejeniya da mai saye a kan rabin gona kawai, rabin su bar wa kasuwa.