Rage wa Motar Alfarma Tsayi: Shokabzoba Kafin Sifirin

Yawancin masu manyan motocin salun, irin su Lexus ES350 da Mercedes E350 da BMW 530i, ba sa tunawa da ƙafafun motarsu sai ranar da ta fara ƙara a kan rami, ko ta ci gaba da lilo bayan an tsallake tudun rage gudu. A lokacin ne tambayoyi biyu ke tasowa tare: wace shokabzoba za a saya a madadin wadda ta mutu, kuma tunda dai za a kwance ƙafar, me zai hana a sa gajeren sifirin domin motar ta zauna, tazarar da ke tsakanin taya da madigadi ta ragu? Na fahimci wannan sha'awa sarai, domin mota mai tsawon jiki idan ta ɗan sauka ba ƙaramin kwarjini take yi ba. Sai dai a ganina waɗannan tambayoyi biyu ba sa rabuwa, kuma wanda ya fara zaɓen sifirin ya bar shokabzoba ga ragowar kuɗin da ke aljihunsa yakan wayi gari ya rasa laushin tafiyar da saboda shi ya sayi motar tun farko.

Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ke kuma ƙayyade tsayinta daga ƙasa. Shokabzoba aikinta shi ne ta hana sifirin ci gaba da tsalle bayan ya matse, kuma tana yin haka ne ta hanyar tura mai ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin fistin ɗin cikinta, sai ƙarfin girgizar ya rikiɗe ya zama zafi. A mota irin ES350 ta shekarun 2007 zuwa 2012, wadda aka gina a kan tsarin Camry, shokabzoba da sifirin a haɗe suke cikin ginshiƙi guda, gaba da baya, irin ginshiƙin da ake dangantawa da injiniya Earle MacPherson. Wannan ginshiƙi shi ke riƙe da kan ƙafar, na gaba kuma tare da shi taya ke juyawa idan an murɗa sitiyari, saboda haka duk canjin da aka yi masa yana shafar tsayuwar taya kai tsaye. A LS430 kuwa hannuwa biyu ne, na sama da na ƙasa, ke riƙe da kowace ƙafa, don haka sanin tsarin motar mutum shi ne matakin farko.

Idan gajeren sifirin ya saukar da mota da milimita 30, to daga cikin filin da ƙafa ke da shi na motsawa sama aka cire wannan 30 ɗin. Domin kada ƙafar ta riƙa ƙurewa tana dukan robar tsaro da ke saman sandar shokabzoba, tilas masu ƙera gajeren sifirin su sa ya fi na asali tauri. Sifirin mai tauri kuwa, idan ya matse, da ƙarfi yake dawowa, ke nan yana buƙatar shokabzobar da za ta iya riƙe shi a wajen miƙewa. Wanda ya ɗora irinsa a kan shokabzobar da ta riga ta gaji kamar wanda ya hau ingarma ne da ruɓaɓɓen linzami. Motar za ta riƙa ɗan tsalle-tsalle har a kan kwalta mai kyau, tayoyi su rage kama ƙasa a daidai lokacin da aka taka birki ko aka shiga kwana, fistin kuma ya koma aiki a ƙasa da wurin da aka tsara masa, har robar da ke tsare mai ta sake ta fara yoyo. Akwai kuma wata matsalar da ba a cika lura da ita ba: idan sanda doguwa ce sifirin kuma gajere, to duk lokacin da ƙafa ta miƙe gaba ɗaya, misali idan taya ta faɗa rami mai zurfi, sifirin zai iya sakewa daga mazauninsa.

Kamfanonin da ke ƙera waɗannan kaya a Jamus da Japan hanyoyin ƙasashensu suka duba suka yi lissafi. Mu kuwa muna da tudun rage gudu da mazauna unguwa ke zubawa da kansu ba tare da wani ma'auni ba, da kwalbatin ƙofar gida mai gangara, da layukan da damina ke zaizayewa kowace shekara. Tazarar irin waɗannan motoci da ƙasa ba ta cika wuce santimita 15 ba tun daga masana'anta, kuma da zarar mutum biyar sun shiga an cika but da kaya sai ta ƙara raguwa. Shi ya sa nake ganin babu abin da ya kai mutum ya fara durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin motarsa. A cika tanki, a zaunar da mutane a baya, a tsaya a wuri mai baje, sannan a sa tef a auna wurin da ya fi kusa da ƙasa, ko leɓen bamba ne, ko tukunyar salansa, ko kwanon man inji. Sau da yawa za a tarar ƙasan bambar ya riga ya kwarzabe ya yi fari-fari, murfin robar da ke kare inji kuma an ɗaure shi da waya a gefe guda. Motar da ke da waɗannan alamu tun tana tsayinta na asali ba ta da milimita 30 da za ta bayar. Ba jahilci ba ne ya sa wasu masu motoci a garuruwanmu suke yin akasin haka, wato su sa zoben da ke ɗaga mota sama.

Ga wanda ya auna ya ga da sauran fili, wanda kuma yawancin zirga-zirgarsa a kan tituna masu kyau take, ba na ganin dalilin wuce milimita 25 zuwa 30. Kamfanin Eibach na Jamus na da nau'in Pro-Kit, wanda kan saukar da mota tsakanin milimita 25 zuwa 40 gwargwadon ƙirarta, da kuma Sportline wanda ya fi shi sauka, wanda ni ba zan kusanta da motar alfarma ba. H&R, wanda shi ma kamfanin Jamus ne, gajerun sifirin ɗinsa an san su da ɗan ƙarin tauri. Tein na Japan yana da S-Tech da H-Tech, kuma na biyun shi aka yi domin mai son sauka kaɗan ba tare da rasa laushi ba. Yana da kyau a dubi yadda aka naɗe ƙarfen: wanda zagayensa suka matsu da juna a gefe guda suka buɗe a ɗaya gefen yakan yi laushi a kan ƙananan gargada, ya ƙara tauri idan nauyi ya danne shi, kuma irinsa ne ya fi dacewa da motar da ake ɗaukar iyali ko manyan baƙi a cikinta.

A wajen shokabzoba ne ya kamata kuɗi ya fi tafiya. Iri biyu ne a taƙaice, mai bututu biyu da mai bututu ɗaya. Mai bututu biyu ita ce aka fi sakawa daga masana'anta, tana da laushi, kuma irinta ce KYB Excel-G da yawancin Sachs da Bilstein B4, waɗanda aka yi domin su mayar da mota yadda take tana sabuwa. Mai bututu ɗaya kuwa tana da iskar naitirojin mai matsi da aka raba da mai da wani fistin na daban, saboda haka man ba ya kumfa, kuma zafi yana saurin fita ta jikin bututun. Bilstein ya fara saka wa motocin Mercedes irinta tun 1957. Wannan batu na zafi yana da muhimmanci a wurinmu, domin doguwar tafiya a kan hanya mai gargada cikin zafin bazara ita ke sa man shokabzoba ya tsinke, direba ya ji motar ta fara iyo. Bilstein B6 an yi ta ne domin sifirin mai tsayin asali, B8 kuwa an gajarta sandarta musamman domin gajeren sifirin, sannan akwai B12 wanda ke zuwa da shokabzoba da sifirin na Eibach da aka riga aka daidaita su da juna. Koni na ƙasar Holan yana da nau'in Sport, mai launin rawaya, wanda ake iya ƙara ko rage ƙarfin riƙonsa a wajen miƙewa. Ni dai idan za a rage tsayi na fi natsuwa da haɗin da kamfani ya gwada tare, sama da tsintar wannan daga nan a tsinto wancan daga can. Sannan akwai abin da nake so masu motoci su gwada kafin komai: su sa sabuwar shokabzoba mai kyau a kan sifirin na asali su yi tafiya da ita. Masu ƙera kayan da kansu kan ba da shawarar a duba ta idan an yi kimanin kilomita 80,000, kuma yawancin motocin tokunbo sun wuce haka kafin su iso gare mu. Lilon da ya sa mutum yake tunanin gajeren sifirin sau da yawa gajiyar shokabzoba ce kawai.

Duk wannan bayani bai shafi motar da ke zaune a kan iska ba. Mercedes ya fito da tsarin Airmatic a S-Class ta 1998, ya kuma saka shi a wasu E-Class na shekarun 2002 zuwa 2009, haka ma wasu LS430 sun zo da jakunkunan iska a madadin sifirin na ƙarfe. Irin waɗannan motoci babu inda za a ɗora musu gajeren sifirin sai an cire tsarin gaba ɗaya. Akwai kamfanoni irin su Arnott da ke sayar da sababbin ginshiƙan iska, da kuma kayan mayar da mota kan sifirin na ƙarfe ga wanda ya gaji da gyaran kwamfaresa. Kafin a cire, ina so a tuna cewa tsarin iskar yana da makunnin ɗaga mota sama idan an zo mummunan wuri, kuma a hanyoyinmu wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Haka kuma motocin da kwamfuta ke sarrafa taurin shokabzobarsu, idan aka sa musu wadda ba ta da waya, fitilar gargaɗi za ta kama, a kuma yi asarar abin da aka biya kuɗinsa.

Wajen saye, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo ta Abuja, ko Ladipo ta Legas, a tafi da lambar shasi, kada a tsaya ga sunan mota da shekara. Mota mai silinda shida da mai takwas nauyin gabansu ba ɗaya ba ne, kuma Mercedes mai 4Matic, wato mai ja da tayoyi huɗu, kayan ƙafarta na gaba sun bambanta da na mai jan baya kaɗai. Sifirin na kamfanonin kirki yana ɗauke da lambarsa a rubuce a jikin ƙarfen, a kuma duba a ga ta dace da wadda ke shafin kamfanin a intanet. Shokabzobar Beljiyam tana da sauƙin kuɗi, amma babu mai iya faɗin tafiyar da ta yi, kuma wankewa da fenti suna ɓoye yoyo. Araha ba ta ado. Abin da kuma nake roƙon kowa ya guje wa shi ne yanke sifirin na asali da garanda ko gasa shi da wutar walda domin ya zauna. Yankewa tana lalata mazaunin ƙarshensa, wuta kuma tana kashe ƙarfin ƙarfen, har ya iya karyewa ana cikin gudu.

Ɗauri ma rabin aikin ne. Ana canza hagu da dama tare, kuma tunda an riga an kwance, a sa sabon kan ginshiƙi da boris ɗinsa, da robar tsaro, da rigar da ke kare sanda daga ƙura, a kuma duba bushin da bol join. Bakanike ya yi amfani da na'urar matse sifirin ta gaske, domin ƙarfin da ke cikin matsattsen sifirin ya isa ya raunata mutum mummunan rauni. Notocin da ke ratsa bushin ba a ƙarasa ɗaure su motar tana kan jak; sai an sauke ta nauyinta ya zauna a kan tayoyi, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri. Saukar da mota yana sa saman tayoyi ya karkata ciki, yana kuma canza inda bakinsu ke fuskanta, don haka alaimen wajibi ne, a sake duba shi bayan makonni kaɗan idan sifirin ya gama zama, sannan a riƙa shafa gefen taya na ciki a ji ko ya fara cinyewa. Motar da ke da fitila mai daidaita kanta sai an sake saita ta, domin kada ta riƙa kashe wa masu tahowa ido.

Tayar ma tana cikin lissafin. ES350 ta waɗancan shekaru da taya 215/55 a kan wili mai inci 17 ta zo, kuma wannan kaurin gefen taya shi ke fara shanye dukan rami kafin ya kai ga sifirin. Wanda ya haɗa gajeren sifirin da wili mai inci 20 da siririyar taya zai riƙa zarya wurin masu miƙe wili. Tsofaffin sifirin na asali kuma kada a bar su a gareji. A wanke su, a yi wa kowanne alamar ƙafar da ya fito, a ajiye a gida, domin yawancin masu sayen irin waɗannan motoci a hannu na biyu sun fi son su same su a tsayinsu na masana'anta.